Motar lantarki mai nauyi a kan ƙanƙara: tashi ba wuya, tsayawa ce aiki

Daga watan Disamba zuwa Maris, lokacin da hunturu ke kaɗawa a Maraɗi, Damagaram da Tawa, titunan Kanada, arewacin Amurka, Norwe da yankunan tsaunukan Faransa a lulluɓe suke da dusar ƙanƙara. A waɗannan ƙasashe akwai ƴan Nijar, ɗalibai da ma'aikata, kuma wasu daga cikinsu da tuƙi suke cin abinci: taksi ko kai wa mutane kaya gida-gida. Motar da ake miƙa musu makullinta a yau sau da yawa ba irin wadda suka koyi tuƙi da ita a gida ba ce. Da lantarki take aiki, ba ta shan isansi ko gazwal, kuma ta fi takwararta mai inji nauyi da ɗaruruwan kilo.

Irin waɗannan motoci sun riga sun cika titunan ƙasashen sanyi. A Norwe, kusan kashi 89 cikin 100 na sabbin motocin da aka sayar a shekarar 2024 masu lantarki ne zalla. A lardin Kebek na Kanada ma ganinsu ya zama ruwan dare.

Babban haɗarin da ke tattare da su a lokacin sanyi shi ne suna ruɗin direba. Motar lantarki tana tashi a kan ƙanƙara sumul, ba ta kaɗa gindi, ba ta ƙara, har direba ya ɗauka hanyar lafiya lau take. Sai ya taka birki a mahaɗar hanya sannan ya gane a kan me yake tafiya. Nauyi da ƙarfin da suka taimaka mata wajen tashi ba sa taimaka mata ko kaɗan wajen tsayawa.

Daga ina nauyin yake?

Daga batir. Batirin motar lantarki shimfiɗe yake a ƙarƙashin kujeru, daga tayoyin gaba zuwa na baya, kuma a yawancin motoci nauyinsa ya kai kilo 300 zuwa 600. Tesla Model Y, ɗaya daga cikin motocin da aka fi sayarwa a duniya, tana da nauyin kusan tan 2, wato kusan nauyin Toyota Hilux, alhali motar iyali ce ta cikin gari. Ford F-150 Lightning ta kusan tan 3. GMC Hummer mai lantarki ta haura tan 4, batirinta kaɗai ya kai kimanin kilo 1,300, nauyin ƙaramar mota sukutum.

Hukumomi sun fara nuna damuwa a kan haka. A watan Janairun 2023, shugabar hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, Jennifer Homendy, ta ja hankali a bainar jama'a kan haɗarin da nauyin waɗannan motoci ke jawo wa masu ƙananan motoci idan an yi karo. A ƙarshen shekarar kuma, masu bincike a jami'ar Nebraska suka sako wata Rivian R1T mai nauyin fiye da tan 3, tana gudun kusan kilomita 100 a awa, a kan shingen ƙarfe irin na bakin hanya. Motar ta keta shingen ta wuce.

Nauyin yana da nasa amfanin. Tun da batirin a ƙasa yake, motar ba ta saurin kifewa, kuma nauyin a rabe yake kusan daidai tsakanin gaba da baya. Shi ya sa take zama daram a kan hanya. Wannan zaman daram ɗin ne kuma yake ɓoye wa direba santsin da ke ƙarƙashinsa.

Lissafin tsayawa

Kowace mota, komai girmanta, a wurare huɗu kawai take taɓa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. Duk abin da direba ya yi da totur, birki ko sitiyari, ta waɗannan wurare huɗu yake isa ƙasa. Iyakar riƙon da roba ta yi wa hanya shi ne iyakar ikon direba a kan motarsa.

A busasshiyar kwalta, motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana tsayawa a cikin kimanin mita 14 daga lokacin da birki ya kama. A kan dusar ƙanƙarar da tayoyi suka daddanne, tazarar kan kai mita 40 zuwa 50. A kan ƙanƙara zalla mai sheƙi, ta kan kusanci mita 100, tsawon filin ƙwallo. Ba a ma lissafa mita 14 da motar ke ci a kowace daƙiƙa kafin ƙafar direba ta isa birki ba. Dokar hanya ta Ingila tana gargaɗin cewa tazarar tsayawa a kan ƙanƙara na iya ninka ta busasshiyar hanya har sau goma.

Gudu ne ya fi komai tasiri a wannan lissafi. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar tsayawa ninkawa take sau huɗu. Motar da ke buƙatar mita 100 a gudun 50, mita 36 kawai take buƙata a gudun 30 a kan wannan ƙanƙarar. Rage kilomita 20 a awa ya rage kusan kashi biyu cikin uku na tazarar.

Wasu direbobi kan ce mota mai nauyi ta fi danne hanya, don haka ta fi riƙo. Rabin gaskiya ne. Nauyi yana ƙara danna taya a ƙasa, amma yana ƙara yawan abin da za a tsayar, sai biyun su kusan cinye juna. Ƙari a kan haka, idan lodi ya yi wa roba yawa, riƙon da take bayarwa a kan kowane kilo raguwa yake. Saboda haka mota mai nauyi ba ta tsayawa da wuri fiye da mara nauyi, sau da yawa ma ta kan ɗan zarce ta. Idan kuwa tsayawar ta gagara, nan ne nauyin ke nuna kansa: mota mai tan 3 tana dukan abin da ke gabanta da ƙarfin da ya ninka na mota mai tan ɗaya da rabi a gudu iri ɗaya.

Haka zancen yake ga motocin da tayoyinsu huɗu ke ja, irin waɗanda ake kira kat-kat a Nijar. Yawancin manyan motocin lantarki suna da inji biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Wannan yana taimakawa wajen tashi da hawan tudu. Wajen birki kuwa babu bambanci, domin kowace mota da tayoyinta huɗu take birki. Shi ya sa bayan guguwar dusar ƙanƙara ba abin mamaki ba ne a ga manyan motoci masu jan taya huɗu kwance a ramin bakin hanya.

Taya ce kan gaba

Robar tayar da aka yi don zafi tana fara taurin kai idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ko da babu ƙanƙara a hanya. Tayar hunturu an haɗa robarta yadda za ta ci gaba da laushi cikin sanyi, kuma an tsattsaga ta da ƙananan tsagogi masu yawa da ke cizon ƙanƙara. Ana gane ta da alama a gefenta: hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa. Tayar da ke ɗauke da haruffan M+S kaɗai ba lalle ne an gwada ta a kan dusar ƙanƙara ba.

A wurare da dama doka ce. A Kebek an wajabta tayar hunturu tun 2008, kuma tun 2019 wa'adin yana farawa daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Wanda aka kama ba tare da ita ba zai biya tarar dalar Kanada 200 zuwa 300. A Faransa, tun watan Nuwamban 2021, dokar yankunan tsaunuka ta wajabta tayar hunturu a ƙafafu huɗu, ko kuma sarƙar taya a cikin mota, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, a garuruwan da aka ware cikin gundumomi 34. Tun Nuwamban 2024, taya mai alamar dutsen nan kaɗai ake karɓa. A Norwe, zurfin zanen taya a lokacin sanyi bai kamata ya gaza milimita 3 ba. Akwai kuma taya mai ƙananan ƙusoshi, wadda ta fi kowace riƙo a kan ƙanƙara zalla, amma tana cin kwalta tana ta da ƙura. Saboda haka birnin Oslo ke karɓar kuɗi daga masu amfani da ita, Kebek kuma ta yarda da ita ne daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu kawai.

Mai motar lantarki yana da ƙarin abubuwa biyu da zai duba. Na farko, lambar lodi da ke jikin tayar: dole ta kai abin da kamfanin motar ya rubuta, kuma a kan irin waɗannan motoci sau da yawa taya mai alamar XL ake buƙata, wadda aka ƙarfafa don ɗaukar nauyi. Na biyu, saurin cinyewa: nauyi da ƙarfin tashi suna sa motar lantarki ta ci taya da wuri, don haka tayar da ta yi kyau bara ba lalle ta kai bana ba. Iska ma raguwa take da sanyi, kimanin bar 0.1 a duk saukar digiri 10, sai a riƙa aunawa da safe kafin motar ta yi tafiya.

A nan akwai wata ɗabi'a ta gida da ya kamata a bari a gida. Direban da ya saba da yashin hanyar Agadas ko Bilma ya san idan mota za ta shiga rairayi ana rage wa taya iska don ta baje. A kan titin da ƙanƙara ta rufe, wannan dabarar cutarwa take: tayar da ba ta da isasshiyar iska tana rasa riƙo a kwana, kuma a ƙarƙashin mota mai tan biyu ko uku tana iya lalacewa.

Birkin da ke kamawa ba a taka shi ba

Wannan shi ne babban bambancin motar lantarki da sauran motoci a kan santsi. Idan direba ya ɗage ƙafa daga totur, injin lantarkin yana juyewa ya zama janareto: yana riƙe tayoyi, yana mayar da ƙarfin gudun ya koma wuta a cikin batir. A motoci da yawa riƙon yana da ƙarfi har ana iya tuƙi a cikin gari da feda ɗaya, ba a taɓa birki sai nadiran. A busasshiyar hanya abu ne mai kyau, yana ƙara nisan zango, yana rage cin birki.

A kan ƙanƙara kuwa, ɗage ƙafa farat ɗaya daidai yake da taka birki. Kuma wannan birkin tayoyin da injin ke ja kaɗai yake riƙewa. Idan motar mai jan baya ce, kamar yadda ƙananan samfuran motocin lantarki da yawa suke, tayoyin baya ne za su riƙe su kaɗai, gindin motar ya nemi wuce gabanta. Abin da ya ƙara muni shi ne, duk direban da ya ji mota ta fara zamewa, abin da jikinsa ke fara yi shi ne ɗage ƙafa. A motar isansi wannan daidai ne. A motar lantarki da aka sa wa riƙo mai ƙarfi, yana iya ƙara zamewar. Kwamfutar motar tana sakin riƙon idan ta ji taya ta zame, amma sai bayan zamewar ta fara, kuma a tsakiyar kwana wannan ɗan lokacin ya isa ya kai mota hannun da ba nata ba.

Maganin shi ne a rage ƙarfin riƙon tun kafin a tashi. A motocin Hyundai da Kia akwai ƴan maɓallai a bayan sitiyari da ake rage shi ko a kashe shi da su. A Nissan Leaf ana kashe e-Pedal. Wasu motocin suna da tsarin tuƙin dusar ƙanƙara da ke yin wannan da kansa. Inda motar ba ta ba da damar ragewa ba, ƙafa ce za ta koyi aikin: a riƙa ɗage ta sannu a hankali, kamar mai sauke tulu cike da ruwa.

Akwai kuma akasin haka. Batirin da ya yi sanyi ƙwarai, ko wanda ya cika maƙil, ba ya iya karɓar wuta da yawa, sai motar ta rage riƙon ko ta janye shi gaba ɗaya. Direban da ya saba motarsa na rage gudu da kanta idan ya ɗage ƙafa, wata safiya zai ɗage ya ji ta ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba. Yawancin motoci suna nuna alamar haka a allo. Wanda ya cika batirinsa a saman tsauni sannan ya kama gangare ya sani birkin ƙafa kaɗai gare shi a kilomitocin farko.

Ƙafa, hannu da ido

Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa duka tun daga tsaye, ba ya jiran ya ɗauki wuta kamar injin isansi. A kan santsi a zaɓi tsarin tuƙi mafi laushi da motar ke da shi, a taka totur a hankali. Kwamfutar motar tana iya rage wa taya ƙarfi cikin ƙiftawar ido idan ta fara juyawa a banza, kuma ta fi ta motar isansi saurin yin haka. Direba ba zai ji komai ba, sai dai ya ga wata ƴar fitila mai ruwan ɗorawa tana ƙyaftawa a allo. Wannan fitilar saƙo ce: hanyar ta fi yadda ake zato santsi.

Hanya mafi sauƙi ta sanin gaskiyar titi ita ce a gwada. Da an fito da safe, a miƙaƙƙen wuri da babu kowa a baya, a gudun da bai wuce kilomita 20 ba, a taka birki da ɗan ƙarfi. Idan feda ta fara karkarwa a ƙarƙashin ƙafa, na'urar ABS ce ke aiki, kuma alama ce riƙo ya yi ƙaranci. A lokacin gaggawa, wannan karkarwar ba dalilin sakin birki ba ce. A danne shi da ƙarfi a riƙe, kada a riƙa takawa ana saki, domin na'urar tana yin hakan da kanta sau da yawa a daƙiƙa guda, kuma tana barin sitiyari ya ci gaba da aiki.

A kwana, a gama rage gudu tun motar tana miƙe, kafin a juya sitiyari. Taya ba ta iya ba da cikakken riƙo ga birki da juyawa a lokaci guda. Idan gaban motar ya ƙi bin sitiyari ya miƙe, ƙara murɗawa ba ya amfani, sai a ɗan warware sitiyarin, a sassauta totur a hankali har tayoyin gaba su sake kamawa. Idan gindi ne ya zame, a juya sitiyari zuwa ɓangaren da gindin ya nufa, ba da fizga ba, ido kuma yana kan inda ake so motar ta je. Hannu yakan bi ido: wanda ya ƙura wa turken fitila ido, shi zai daka.

Tazara tsakanin mota da ta gabanta, wadda daƙiƙa biyu ke isa a busasshiyar hanya, a mayar da ita daƙiƙa takwas zuwa goma. Na'urar riƙe gudu da na'urorin da ke tuƙa mota da kansu a kashe su, domin ba sa ganin ƙanƙara, kuma dusar kan toshe kyamarori da na'urorin hangen da suke dogara da su.

Ƙanƙarar da ba a gani

Dusar ƙanƙara fara ce, kowa na ganinta ya yi hattara. Wadda ta fi kisa ita ce siririyar ƙanƙara mai kama da gilashi da ke manne wa kwalta, wadda masu jin Faransanci ke kira verglas. Titi sai ya yi kamar an yayyafa masa ruwa kawai. Tana samuwa idan ruwan sama ya sauka a kan daskararriyar hanya, ko idan dusar da ta narke da rana ta sake daskarewa da dare. Gadoji ne ke fara kamawa, domin iska mai sanyi tana ratsa su sama da ƙasa. Sai wuraren inuwa, da mahaɗar hanyoyi inda tayoyi suka goge dusar har ta yi sheƙi.

Ƙanƙara ta fi santsi idan awon sanyi yana kusa da sifili, domin a lokacin akwai ɗan ruwa a samanta. Gishirin da ake watsawa a tituna kuma ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili. Alamomi biyu suna taimakawa. Idan titi ya yi kamar jiƙaƙƙe amma tayoyin motocin gaba ba sa fesa ruwa, ƙanƙara ce. Idan ƙarar taya ta ɗauke ɗif, ita ce ma. A motar lantarki, da babu ƙarar inji, wannan alama ta biyu ta fi fitowa fili ga wanda ya rage rediyo.

Sanyi da batir

Sanyi yana rage nisan da motar za ta iya zuwa, ta hanya biyu. Sinadaran cikin batir suna yin nawa, sannan ɗumama cikin motar daga batir ake ɗaukarsa. Motar isansi da zafin injinta take ɗumama fasinja kyauta, motar lantarki kuwa ba ta da wannan rarar zafin. A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motoci biyar a sanyin kusan digiri 7 ƙasa da sifili: nisan zango ya ragu da kashi 12 cikin 100 idan ba a kunna na'urar ɗumama ba, da kashi 41 idan an kunna. A 2020 takwararta ta Norwe, NAF, ta gwada motoci 20 a kan hanya lokacin sanyi, ta samu raguwar kimanin kashi 18 da rabi a matsakaici. Sabbin motoci da yawa suna da na'urar da ke jawo zafi daga iskar waje, kamar na'urar sanyaya ɗaki da aka juya aikinta, kuma tana rage asarar.

Caji ma yana jinkiri, domin daskararren batir ba ya karɓar wuta da sauri sai ya ɗumama. A tsakiyar Janairun 2024, lokacin wani matsanancin sanyi a Shikago, direbobi sun yi dogon layi a wuraren caji, batirin wasu ya mutu suna jira har aka ɗauke motocinsu. Da yawa sun iso ne da ragowar caji kaɗan da batir mai sanyi.

Dabarar da mutanen ƙasashen sanyi suka saba da ita ita ce ɗumama motar tun tana jone da wuta, minti 20 zuwa 30 kafin tashi. Gilashi zai narke, batir zai ɗumama, kuma wutar daga bango aka ɗauke ta. Wannan ya shafi tsaro kai tsaye, domin batir mai ɗumi yana dawo da riƙon nan na ɗage ƙafa yadda direba ya saba da shi. A kan hanya, ɗumama kujera da sitiyari ya fi ɗumama iskar motar duka arhar wuta. Idan za a tsaya caji, a sa wurin a taswirar motar, domin motoci da yawa suna fara ɗumama batir da kansu kafin a isa. A lokacin sanyi kuma kada a bari caji ya sauka ƙasa da kashi 20 kafin a nemi wurin ƙari.

Idan an maƙale

A daren 14 zuwa 15 ga Maris 2017, guguwar dusar ƙanƙara ta tsare motoci kimanin 300 a babbar hanya mai lamba 13 a Monreyal, mutane suka kwana a ciki. Tsoron irin wannan dare ne ke sa wasu gudun motar lantarki. Lissafin bai kai yadda ake tsoro ba. Riƙe ɗumin cikin motar da ke tsaye yakan ci kilowat ɗaya zuwa biyu. Batir mai kilowat-awa 60 da ke rabi zai iya riƙe wannan na awa 15 zuwa 30. Motar lantarki kuma ba ta da salansa, don haka babu haɗarin hayaƙi mai guba da ke kashe mutane a motar isansi idan dusa ta toshe bututun. Sharaɗin dai shi ne a shiga hanya da caji mai kauri. Bargo, shebur, ruwan sha, safar hannu da abin kankare gilashi kada su bar motar har sanyi ya wuce.

Idan dusa ce mai zurfi ta riƙe motar, abin yana kama da zaman mota a yashi. Cikin motar lantarki a shafe yake saboda batir, sai ya hau kan dusar, tayoyi su rasa nauyin da ke danna su. Ƙara totur rami kawai yake ƙarawa, yana kuma goge dusar ta zama ƙanƙara. Sai a haƙe ƙarƙashin motar da gaban tayoyi, a zuba yashi ko tsakuwa, a yi gaba kaɗan a yi baya kaɗan. Tura mota mai tan biyu da rabi da hannu ba ƙaramin aiki ba ne, kuma yawancin kamfanoni sun hana a ja motar lantarki tayoyinta na juyawa a ƙasa, domin injin na iya lalacewa. Ɗaukarta ake yi a bayan babbar mota.

Sauran ƙananan abubuwa su ma suna da muhimmanci. Fitilun zamani ba sa zafi, don haka ba sa narkar da dusar da ta manne musu, sai an tsaya an goge. Dusar da ke kan rufin mota a share ta duka kafin tashi, domin birki ɗaya zai zubo da ita kan gilashin gaba, kuma a Kebek doka ta hana tafiya da ita. Faifan birkin motar lantarki, da yake ba a cika amfani da shi ba, yakan yi tsatsa da gishirin hanya, sai a riƙa taka birkin ƙafa da ɗan ƙarfi lokaci-lokaci a wurin da babu haɗari.

Ga wanda wannan ne sanyinsa na farko, shekarun da ya yi yana tuƙi a Yamai ko a hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ba su koya masa wannan darasi ba, kuma wani abin da yashi ya koya masa, kamar shiga da gudu don kada mota ta zauna, a kan ƙanƙara shi ne ke kai mutum rami. Abin da ya fi shi ne, ranar da dusa ta fara sauka, ya nemi babban filin ajiye motoci da babu kowa, ya yi awa guda yana tashi, yana birki, yana ɗage ƙafa a ƙaramin gudu, har ya san yadda motarsa ke yi idan ta rasa riƙo. A ƙasashen sanyi akwai makarantun tuƙi da ke koyar da haka a kan fili na musamman, kuma a Norwe darasin tuƙi a kan santsi yana cikin abin da ake bi kafin a samu lasisi. Ranar da hukumar yanayi ta yi gargaɗin ruwan sama mai daskarewa kuwa, ko ƴan ƙasar da suka tashi cikin ƙanƙara ajiye mota suke yi idan tafiyar ba dole ba ce. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.